Igiyar da Na Auna Abuja da Ita

Tun da na dawo ba ni da sakat a majalisa. Da na zauna gindin darbejiyar ƙofar masallaci sai wani ya matso, "Iliyasu, wai yaya Abujar take?" Ban gama da wannan ba wani ya iso ya ce a koma farko. Sabi'u har cewa yake na yi haske, alhali ni na san baƙi na ƙaro. To yau zan faɗa gaba ɗaya, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, ku bar ni in sha iska.

Kun san abin da ya fitar da ni. Gonar da ta faɗo mini bayan rasuwar Baba, idan na kama kunya ina 'yar waƙa, kafin in kai amshi na shiga ta maƙwabci. Shi ya sa muka zauna da Yaya Haruna, mai jan adaidaita a Ungogo, muka yanke cewa da an gama kaka in tafi Abuja in nemi aiki, in kama ɗaki, in dawo in ɗauki matata Rabi. Inna kuma, mahaifiyarmu, da idonta ya kusa tafiya gaba ɗaya, sai ta koma wurinsa, a sa wa gida kwaɗo. Da aka gaya wa Inna, cewa ta yi Allah ya sa haka ne mafi alheri, ba ta ƙara ba. Rabi na bayanta tana tsefe mata kai.

Ranar tafiya, na rataya jaka ke nan, Rabi ta miƙo mini wata igiyar rama da ta tufka da hannunta. Ta ƙulle bakinta biyu, ta naɗe kowane ƙulli da jan zare.

"Malam, ga awon ɗakina," in ji ta. "Idan ka samu wanda wannan ta miƙe daga bango zuwa bango ba ta lanƙwasa ba, ka kama, zan biyo ka. Kuma a samu ƙasa a ƙofa inda zan kafa turmi."

Na ce, "Awon me da me ke nan?"

Ta ce, "Abin da ba zan iya rabuwa da shi ba."

Na ɗauka gado take nufi da kwabar kwanukanta da akwatuna. Na ga kamar igiyar ta yi tsawo, amma kayan ɗakin mata wa ya san iyakarsu? Na naɗe na cusa a aljihun jaka, na ɗauki fartanyata a buhu, na hau motar Bici, daga can sai Kano.

A tashar Kano aka fara taɓa ni. But ɗin motar ya ƙi rufuwa saboda buhunan albasa, direba ya waiga ya hango bakin igiya yana leƙowa daga jakata, kawai ya zare ba ko sallama. Na riƙe ɗaya bakin na ce wallahi ba da wannan ba. Ya ja, na ja. Ya ce, "Malam, igiya ce fa, ba zinariya ba." Fasinjoji suka yi ta dariya, har wata Hajiya ta tausaya ta fiddo tsohuwar robar taya daga kayanta ta ba shi. Har muka wuce Zariya ana kirana Mai Igiya. Bayan Kaduna ne kowa ya yi tsit, aka fiddo carbi, don kun san labarin hanyar nan. Allah ya tsare, babu abin da ya same mu sai ciwon baya.

A wani shinge jami'i ya taɓa buhuna ya ce mene ne a ciki. Na ce fartanya. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Me za ka noma a Abuja, kwalta?" Ya ɗaga mana hannu yana dariya.

A Zuba aka sauke mu. Na tambayi wani ko nan ne Abuja, ya ce nan bakinta ne. Kuma gaskiyarsa. Garin nan ba shi da ganuwa, ba shi da ƙofa irin ta Kano, amma akwai iyaka. Akwai inda ɗan acaɓa zai kai ka ya tsaya cak, ya ce daga nan ba ya wucewa. Talakawa a waje suke kwana, da safe su duru ciki su yi wa masu gari aiki, da yamma a sake zubo su waje.

Masaukina wurin Baba Bukar ne, wani dattijo mai shayi da Yaya ya haɗa ni da shi. Asalinsu mutanen Barno ne, amma a Kano aka haife shi, a can kuma iyalinsa suke. Da baƙin gemu ya zo Abuja, ga shi yanzu fari fat, bai taɓa kawo matarsa ba, daga Sallah sai Sallah yake ganin ta. A cikin kwantenar da yake ajiye kayan shayi muke kwana, shi a benci, ni a ƙasa tsakanin katan ɗin madara da tukunyar gas. Da na nuna masa igiyar, ya warware ta, ya bi ta da ido har ƙarshe, ya ce, "Ɗana, gadon matarka na sarauniya ne?"

Abinci kuwa, kada ku tambaya. Malmalar tuwon da ake sayarwa can, a nan ita ake ba yaro ya lasa kafin a kwashe. Miyar kukar ma kamar an nuna wa ruwa kuka ne daga nesa. Ruwan sha saye, bayi saye, inuwa ce kaɗai ban ga an sa wa kuɗi ba, ita ma idan ka daɗe a ƙofar wani gida sai mai gadi ya fito. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gaisuwa. Ka ce wa mutum ina kwana, ya tsaya yana jiran ka faɗi abin da kake so. Mu da za mu tambayi gajiya, mu tambayi iyali, mu tambayi har akuyar da ta haihu.

Neman aiki na fara da wata mahaɗa inda leburori ke zama da shebur da diga, suna jiran motar 'yan kwangila. Mota na tsayawa sai a ruga kamar an watsa wa kaji tsaba. Ni da fartanyata, ko kallo ban isa ba. Na daɗe a haka, har na fara jin kunyar shayin Baba Bukar. Rannan ina tafe a ƙasa don babu na mota, na bi ta wurin masu sayar da furanni a bakin titi, na ga wani yana cika leda da jar ƙasa tsurarta. Bakina bai iya shiru ba, na ce ba za a ɗan haɗa da taki ba? Ashe mai wurin ne, Oga Bitrus, mutumin Filato, Hausa a bakinsa kamar ta kowa. Ya ce, "Kai manomi ne?" Na ɗaga masa buhun. Ya ce in zo gobe.

Ban yi mako ba na tafka wadda har yau ake ba da labarinta a wurin. Oga ya kai ni wani katafaren gida ya ce in gyara filin gaba, zai dawo. Na duba fili, ƙasa baƙa mai kyau, ga famfo a gefe, amma ciyawa ta cinye shi kaf. Na ce a raina, wayyo, mutanen nan ba su da mai yi musu noma. Na tuɓe riga na sa fartanya. Kafin azahar na share rabi tas, na tara ciyawar gefe, har na ja kunya biyu don a ga hannuna. Matar gidan ta fito ta tsaya, ta ɗora hannu a ka. Ashe ciyawar nan saye aka yi, a mota aka kawo ta, ita ce ma amfanin gonar. Oga Bitrus ya zo ya yi ta ba da haƙuri, ya juyo zai yi mini faɗa dariya ta ƙwace masa. Haka na durƙusa na mayar da ita ɗaya bayan ɗaya kamar dashen albasa. Ku ji fa, abin da na tashi ina yaƙa tun ina bin Baba gona, shi aka koma biya na in shayar safe da yamma, in yi masa aski.

Da aiki ya zauna sai na shiga neman ɗaki. Duk Lahadi, ranar da ba ma fita, ni da igiya muna kan hanya. Baba Bukar ya ce in lura da abu uku a unguwa: inda ake samun ruwa, inda ake samun mota, da abin da ke rubuce a bango. Na ukun ban gane ba sai da na je wata unguwa na dawo ina murna. Na ce masa na ga wurin da hukuma ta san da zamansa, kowane gida an yi masa alama da jan fenti, irin yadda masu rigakafi ke yi mana da alli a ƙofa. Ya ajiye ludayin shayi ya ce, "Wannan alamar rusau ce. Ka kai Rabi can, wata safiya ku tashi da katafila a tsakar gida."

Kusa da wurin aiki kuwa, ɗakin da aljihuna zai iya, wanda ke ƙarƙashin matakalar bene ne, ko na mai gadi. Dillalan can, ejan suke ce musu, sai ka biya kafin ma su nuna maka ƙofa. In shiga, in ba ejan baki ɗaya ya riƙe a bango, in ja, kafin in warware rabi na ci karo da ɗaya bangon. Wani ya ce mini, "Oga, ɗaki kake nema ko filin ƙwallo?" Wani bene da na gani, na tambayi inda ake daka, mai gidan ya ce duk wadda ta daka masa turmi a sama ranar za ta kwashe kayanta. Can nesa kuma ɗakuna sun ɗan fi girma, amma abin da ka rage a haya mota za ta cinye, ka fita ba ka ga rana ba, ka dawo ba ka gan ta ba.

Akwai ɗaya da har yau idan na tuna sai zuciyata ta motsa. Unguwa ce ta mutanenmu, ga masallaci, ga mai ƙosai, ga rijiya a cikin gida, mota ɗaya ce zuwa wurin aiki. Da na yi sallama murya uku ta amsa. Na ja igiya ina addu'a, ta tafi, ta tafi, sai bango ya tare ta saura kamu ɗaya. Na sake aunawa ta ɗaya gefen. Na auna ta kusurwa, ta shiga, amma Rabi bango zuwa bango ta ce. Na dawo na zauna a bencin shayi kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Baba Bukar ya ce, "Yanke kamu ɗayan mana. Wa zai sani?"

Na nuna masa jan zaren. Na ce ko babu zare ma, ta ba ni amana.

Yana juya shayi ya ce, "Ni tawa ba ta ba ni igiya ba. Cewa ta yi ko ina ne za ta zauna. Ni ne na ce ta bari in samu wuri mai kyau tukuna. Kana ganin gemun nan, har yau tukuna ake."

Ruwa yana riga mu sauka a can. Wata ranar da hantsi ina cikin shayar da ciyawar mutane hadari ya haɗo, aka saki ruwa, ƙamshin ƙasa ya bugo ni. Wallahi sai da na nemi wuri na zauna. Jikina gaba ɗaya cewa yake a ɗauko iri. Na kira Rabi, ta ce nan ko girgije babu, zafi ne kawai. Ina jin muryar Inna daga nesa tana cewa a tambaye shi ko yana cin abinci. Ina jin zakaran gidanmu, ina jin ƙarar moɗa a bakin randa. Ban taɓa sanin mutum zai yi kewar ƙarar moɗa ba. Ranar na yi kewar gida har na rasa inda zan sa kaina, na kashe wayar don kada ta ji muryata ta canja.

Oga Bitrus ne ya kai ni inda aka dace. Wani ƙauyen Gwari ne can bayan gari, inda yake sayen taki, wurin wata dattijuwa Mama Ladi. Tana da dogon ɗaki da mijinta ke ajiye doya kafin ya rasu. Ita da kanta ta riƙe mini baki ɗaya. Na ja, na ja, igiya ta miƙe sak, tsakanin ƙulli da bango har da sauran yatsa huɗu. A ƙofa ga ƙasa, ga turminta ma a kafe gindin mangwaro. Ta ce, "Kawo matarka, ɗana, in samu abokiyar daka." Nisa kam akwai shi, mota biyu ce da tafiyar ƙasa. Ban damu ba. Na zube abin da na tara, ta ba ni makulli, na share ɗakin na yayyafa ruwa, na nemi izinin Oga na kamo hanya.

Ana la'asar na shigo gida. Na gaida Inna, ta shafa fuskata ta ce na rame. Na shiga ɗakin Rabi na ajiye makulli a kan gado, na ce, "Ta shiga." Na zaci za ta yi guɗa. Sai ta tsaya tana kallon makullin kamar kunama na ajiye.

Don in nuna mata irin girman ɗakin, na warware igiyar na kafa ƙulli a kan gadonta na ja. Ta wuce gado. Ta wuce kwaba, ta wuce akwatuna, ta kai bango, ga saura tuli a hannuna. Ɗakin nata ma bai ɗauki igiyar ba. Na juyo na dubi Rabi.

"Ban zaci akwai ɗakin haya mai tsawon nan ba," in ji ta, kanta a ƙasa.

Na ce, "Rabi, me kika auna?"

Ta karɓi igiyar ta fita, ta ɗora ƙulli ɗaya a dokin ƙofarta, ta ja ta ratsa tsakar gida. Ɗaya ƙullin ya sauka daidai dokin ƙofar Inna, babu ragi babu ƙari.

"Idan na ce kada ka tafi, a ce na hana ka nema," ta ce a hankali don kada Inna ta ji. "Idan na ce ba zan bi ka ba, na saɓa maka. Ni ban tashi da uwa ba, Malam, a gidan nan na same ta. Kuma a nan ba ta buƙatar ido, ta san inda komai yake. A Ungogo zama za ta yi a ɗaki sai an zo an ja ta. Amma na riga na yi magana. Tunda ta shiga, gobe sai in fara ɗaure kaya."

Ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci. Na tuna Lahadin da na ƙarar a ƙafa, na tuna dariyar ejan, na tuna ɗakin nan mai rijiya da na bari saboda kamu ɗaya. Na buɗe baki zan yi magana ke nan sai Inna ta fito. Ba sanda, ba lalube. Ta bi ta gefen rumbu, ta kauce wa turmi, ta miƙa hannu sai kan moɗa. Ta sha, ta ɗaga fuska gabas ta ce, "Iliya, ina jin ƙamshin hadari. Irin geron yana nan rataye inda ubanku ke rataye shi."

Na shiga na ɗauki makullin na sa a aljihu.

Washegari na ba wani direban Bici makullin ya kai wa Baba Bukar. Na kira dattijon na ce ɗaki ne dogo, an riga an biya, ga mangwaro, ga abokiyar daka, ya je Kano ya ɗauko iyalinsa. Ina jin butar shayi na tafasa ta cikin wayar. Can ya ce, "Anya za ta zo kuwa, bayan duk shekarun nan?" Na ce ya tambaye ta, wannan karon ya bari ita ta faɗa.

Masu tambaya ko zan koma, zan koma, don gona ba ta ƙara faɗi ba don na dawo. Oga Bitrus ya ce da an gama kaka wurina na nan. Zan je in yi rani a ƙasan kwantena, in shayar musu da ciyawarsu, ruwa na sauka in taho. Na san zan sake jin abin da na ji ranar hadarin nan, kuma ba na ɗokin sa. Amma ba za a sa wa gida kwaɗo ba.

Igiyar tana nan, wanda ya shiga gidanmu zai gan ta. Na kafa ƙusa biyu na ɗaure ta daga ƙofar Rabi zuwa ƙofar Inna, don idon ya ƙara yin ƙasa a watannin da ba na nan. Inna ta ce ita ba ta buƙata, wa ya ce mana ta makance. Amma jiya da safe ina wasa fartanya na gan ta ta fito, ta ɗora yatsu a kai, ta bi ta har ƙofar Rabi, ta tsaya ta ce, "'Yar nan, kokon ya yi?"